Hannu Biyu, Tsawo Ɗaya

Ƙarfe bakwai na safe nake ɗaura igiya a ƙugu
in kama hawan dogon ƙarfen da ke bayan tasha.
Tun shekarar farko na daina ƙirga matakala,
ƙafafuna ke riƙe da lissafin.

Daga can sama Tawa shimfiɗe take kamar faifai:
tapkin Babaye na ƙyalli,
manyan motoci na jiran buhunan albasa,
wata mata a Wadata na shanya zane a kan katanga.

Eriya uku ne a kan ƙarfen, kamar duwatsun murhu,
kowace ta ba ƴan'uwanta baya
ta ɗauki kashi ɗaya cikin uku na gari.
In ɗaya ta sunkuya da faɗin yatsa biyu
tukunya ta karkace ke nan,
sai ka ga mutanen Koloma a ƙofar gida
suna ɗaga waya sama kamar masu duban wata.

Malam Arzika, da ya koya mini aikin a Yamai,
ya taɓa yanka jan ƙarfe biyu a gabana, ya auna da zare.
Ya ce, "Hannu biyu, tsawo ɗaya.
In ɗaya ya gaza ɗan'uwansa, magana ba ta fita duka.
Ragowar takan komo ta cikin waya
ta ƙona wanda ya aike ta."
Na rubuta a littafi.
Na ɗauka zancen jan ƙarfe yake.

Ya ce kuma, hanyar da murya ta bi ta je,
ko ta daki bangon masallaci, ko ta kewaye tudu,
ko ta ratsa ganyen gawo,
ita ɗin za ta bi ta komo.
Iska ba ta da ɗan ɗaki.
Inda eriya ke iya kai magana, daga nan take iya jin amsa.
Sai dai ƙarfe na da inji a gindinsa, yana ruri,
wayar aljihu kuwa raɗa take da rabin caji.
Shi ya sa muke yi wa mai babbar murya babban kunne.

Duk Juma'a bayan la'asar
Inna takan kwance wayarta daga bakin zane
ta kira Nomau a Abijan.
Sanduna huɗu cif. Tana shiga. Tana ta shiga.
Sai ta dube ni:
"Kai da kake hawa can sama, rezon nan fa?"
Nakan ce, "To Inna, gobe zan duba."

Na duba.
Na'ura ta ce babu tangarɗa ko ta ƙwayar gero,
hanya a buɗe take zuwa da dawowa.
Nakan ga Inna ta mayar da wayar bakin zane ta ƙulle,
ta dafa ƙirji, ta nemi ruwan randa,
sai in tuna da abin da ke komowa ta cikin waya.

Yau ma na hau,
na ƙara ɗaure noti da bai kwance ba
don in sami abin faɗa mata da dare.
Shirwa ta wuce ta ƙasana.
Sai lissafin ya zo mini ba tare da na kira shi ba:
damina biyu ke nan tun rigimar gonar fadama,
tun maganar da na yaɓa masa a gaban kawunmu Tanko.
Bai kira ni ba.
Ni ma lambarsa na nan a aljihuna, tana hawa da sauka tare da ni.
Da za a kawo zaren Malam Arzika
a auna shiruna da nasa,
ba wanda zai ɗara wani da ko farce.

Na sauko rabin ƙarfe, na tsaya,
na maƙala ƙugiya, na cire safar hannu da haƙori.
Kiredin dala sittin ya rage mini.
Na latsa.
Tana shiga.
Ƙasa can, mai gadi na ɗaga mini kofin shayi
yana tambaya da hannu ko lafiya.